Manajata tace "I would", na ɗauka alƙawari ne, yanzu bizata saura wata biyar

Salamu alaikum Malam. Ni ɗan Zariya ne, na yi mastas a Ingila na samu bizar nan ta shekara biyu da ake ba waɗanda suka gama karatu, yanzu ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Leeds. Bara na tambayi manajata ko za su ɗauki nauyin bizata ta aiki, sai tace min "If we had the budget, I would sponsor you tomorrow", ta ƙara da "we might be able to look at it in the spring". Wallahi da murna na fito daga ofis ɗin, na kira Hajiya nace mata an kusa, nace wa matata ta fara shirin fasfo, har wani kamfani a Birmingham suka kira ni intabiyu na ƙi zuwa don ina ganin rashin kunya ne in juya wa mutanen da suka min alƙawari baya. Satin da ya wuce na tuna mata sai tace "I don't think I ever promised that". Saura wata biyar bizata ta ƙare. Malam yaudarata ta yi ko ni ne ban jin Turanci? 7.5 fa na ci a jarrabawar Turanci ta IELTS. Dan Allah me zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanena. Sau biyu na karanta saƙonka, kuma wallahi abun da ya fi tsaya min a rai ba maganar bizar ba ce, wajen da kace ka ƙi zuwa intabiyu ne saboda kana jin nauyin mutanen da kake ganin sun maka alƙawari. Wannan tarbiyya ce, Allah ya saka wa Hajiya da alheri, kar abun da ya faru ya sa ka ji haushin halinka. Amma tunda gaskiya ka zo nema bazan ɓoye maka ba, matar nan bata maka alƙawari ba. Hasali ma tun a jimlarta ta farko a'a tace maka, ta dai naɗe ta ne a cikin lallausan zani ta miƙo.

Bari mu mayar da maganarta Hausa kaga. Da muna da kuɗin, da gobe-goben nan na yi maka. Abun da tace kenan ba ragi ba ƙari. Toh yanzu ka ɗauka ka je wajen Baffanka a shagonsa na Sabon Gari kana so ya ranta maka jari, ya saurare ka tsaf har ka gama sannan yace "kai ɗan nan, da ina da shi wallahi da yanzun nan na ƙirga maka". Zaka fito ka kira matarka kace an dace? Takalminka zaka saka kace Allah ya ƙara rufa asiri Baffa, don kunnenka na Bahaushe tun daga "da" ɗin farko ya riga ya ji cewa babu. Da ƙofa yake son buɗe maka cewa zai yi "in kuɗin kaya suka shigo zan ba ka". Mu a Hausa mun raba abun biyu da kalma daban-daban, "in ... zan" na abun da ake sa rai ne, "da ... da" kuma na abun da mai magana shi kansa ya san ba haka yake ba.

Turanci ma yana da biyun nan sak, matsalar kawai duka biyun da "if" suke farawa, bambancin yana can ɓoye a jikin aikatau, wato kalmar aiki. "If we have the budget, I will sponsor you" shi ne in ... zan. "If we had the budget, I would sponsor you" shi ne da ... da. Wancan "had" ɗin ba maganar jiya yake yi ba ko kaɗan, shiyasa ma ka ji ta haɗa shi da "tomorrow" a jimla ɗaya ba tare da ta yi kuskure ba. Bature idan yana so ya nuna maka abu ya yi nisa da zahiri sai ya ja aikatau baya kamar mai ba da labarin abun da ya wuce, nisan lokaci ya tsaya a madadin nisan yiwuwa. Shi ne dalilin da suke cewa "if I were you" alhali kowa ya san ba zai taɓa zama kai ba. Idan suka ƙara ja baya taki ɗaya, kamar "if you had asked me last year, I could have done it", toh wannan kam an riga an binne, da-na-sani ne tsantsa, wanda mu muke cewa ƙeya ce.

Wani lokacin wannan salon ba a'a ce ɗari bisa ɗari ba, in ka ji ance "if we won that contract, we'd hire two people" akwai ɗan haske tunda kwangilar bata fita ba tukun, amma ko a nan mai maganar yana sanar da kai ne cewa shi a ransa bai sa rai ba, da ya sa rai "if we win" zai ce. Naka kuwa ba abun da ake jira ta ambata ba, halin da ake ciki ta faɗa maka, kuɗin babu.

Kar ka ga laifin 7.5 ɗinka, akwai dalilin da ya sa irinmu muke faɗawa ramin nan da yawa. A makaranta abun da aka fi cusa mana shi ne "would" shi ne shuɗaɗɗen "will", a haddace a wuce jarrabawa shikenan. Sannan Turancinmu na Najeriya ya saba musanya su, zaka ga takardar gayyata ko sanarwar ofis an rubuta "the meeting would hold on Monday" kuma mitin ɗin tabbas za a yi, mutum yana ganin "would" ɗin ya fi ladabi ne kawai. Kunnen da ya shekara ashirin da wani abu yana jin "would" a matsayin "will" mai babbar riga, ranar da ya ji shi a bakin 'yar Leeds ba zai ji ƙarar rufe ƙofa ba. Ga shi kuma a magana ba sa ma furta shi cikakke, "I'd" ne da "I'll", ɗan sauti guda a ƙarshen harshe, kana zaune gaban wadda bizarka ke hannunta gabanka na faɗuwa, kalmar da ta shiga kunnenka da ƙarfi ita ce "sponsor" da "tomorrow". Ko ni ne a kujerar nan su zan fara ji.

Jimla ta biyun kuwa, "we might be able to look at it in the spring", ƙirga min barguna nawa ta lulluɓa mata. "Might" ƙila kenan. "Be able to", ƙila mu samu dama. "Look at it", ƙila mu samu damar dubawa, dubawa fa, ba yi ba. Sannan "in the spring" ba rana ba wata, kamar kace wa mutum sai damina. Ka san bambancin "za mu gani" da "ma gani" a bakin dattijo ai, in kaje neman aure waliyyi yace "toh, ma duba" babu mai zuwa sayen goro. Irin wannan ce ta maka.

Tunda ba wannan ce ranar ƙarshe da zaka zauna gaban Bature ba bari in ɗan faɗaɗa maka. "Will" shi ne zan, in aka ƙara "definitely" an ɗaure shi da igiya. "Should" shi ne wanda na fi so ka sa wa ido don yana da daɗin ji, "that should be fine" ma'anarsa a lissafina dai ba matsala in komai ya tafi yadda aka saba, mai maganar ya fi karkata ga eh amma ya bar wa kansa hanyar fita, in abun ya ɓaci zai ce maka ai "should" nace. "Probably" ma yana nan kusa da shi. "May well" ya fi "may" ƙarfi, ɗan "well" ɗin nan yana ɗaga shi sama sosai, su kuma "may" da "might" da "could" duk 'yan gidan wataƙila ne. Sai kuma murya, wadda babu littafin nahawun da zai koya maka ita sosai, in ka kawo shawara a mitin wani ya ja "could" ɗin ya danna shi, "we COULD do that", muryar ta sauka ta ɗan ɗago a ƙarshe, akwai "amma" a tsaye bayan ƙofa ko bai furta ta ba. Haka "I'm not sure that would work", a rubuce shakka ce, amma a ofis ɗin Ingila sau tari mutumin ba shakka yake ba, ya tabbata ba zai yi aiki ba, baya dai son ya kwance maka zani a kasuwa ne.

Ga kuma inda abun yake juyewa, nan ne ma na fi jin tsoron ka sake faɗawa. Kalmomin nan na shakka su ne kuma kalmomin ladabi, don haka wani lokacin ana ba ka umarni ko gargaɗi mai ƙarfi da su kai kana jin kamar zaɓi aka ba ka. In likita ko manaja yace "you might want to" toh ba cewa yake in ka ga dama ba, cewa yake tashi ka yi. Ka zauna ka tuna da kyau, a cikin watannin nan ta taɓa ce maka wani abu kamar "you might want to keep your options open" ko "I would keep looking if I were you"? In ta taɓa, toh a ganinta ta riga ta faɗa maka ka nemi wani wajen tun tuni, tana ma iya mamakin me ya zaunar da kai.

Kar kuma ka ɗauka su masu harshen kansu suna fahimtar juna a nan. A 1951 hukumar leƙen asirin Amurka ta fitar da rahoto kan ko Tarayyar Sobiyet za ta kai wa Yugoslabiya hari a shekarar, suka rubuta cewa abun "serious possibility" ne. Wani babba a cikin waɗanda suka rubuta rahoton, Sherman Kent, shi a ransa yana nufin kamar kashi 65 cikin 100, da ya bi abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya yana tambayarsu me kowa yake nufi sai ya tarar wani na nufin kashi 20 wani na nufin kashi 80, kuma dukkansu sun amince da jimla ɗaya, maganar yaƙi fa ake. Abun ya dame shi har a 1964 ya yi rubutu yana kiran a ɗaura wa kowace kalma lamba. Yau kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya haka yake yi, in suka rubuta "likely" suna nufin daga kashi 66 zuwa sama, "very likely" daga 90, "virtually certain" daga 99. Masu leƙen asirin Birtaniya ma suna da ma'auninsu, a wajensu "highly likely" kashi 80 zuwa 90 ne, ita ce kalmar da Theresa May, Firaministar Birtaniya a lokacin, ta yi amfani da ita a majalisa a watan Maris na 2018 da take ɗora wa Rasha alhakin gubar da aka sa wa wani tsohon ɗan leƙen asiri a garin Salisbury na Ingila. Na kawo maka wannan ne don kaga mutanen da aka haifa da Turancin a baki, masu digiri a kan digiri, sai da suka koma ga lamba kafin su gane juna, toh kai ɗan Zariya ba abun kunya bane kace wa mutum dan Allah fayyace min, eh ko a'a, kuma yaushe.

Yanzu tambayarka, yaudara ce? Ni a ganina ƙarya dai bata yi ba, da tace bata taɓa alƙawari ba gaskiya ta faɗa. Amma bazan wanke ta tas ba. Turawan Ingila suna da kara irin tasu, ba sa son cewa a'a gatsau kamar yadda mu ma ba ma so, kuma a kan ƙaramin abu wannan hali ne mai kyau. Amma ita ta san zamanka a ƙasar ne a kan sikeli, ta san Turanci ba harshen uwarka bane, ta ga fuskarka lokacin da ka fita kana murna. Wanda ya san haka ya kamata ya ajiye kara gefe ya kira ka yace ɗan'uwa kar ka dogara da mu. Ta zaɓi abun da ya fi mata sauƙin faɗa, kai ka biya kuɗinsa da wata da watanni da kuma intabiyu guda. Kana da haƙƙin jin zafi. Abun da bana so shi ne ka kai mata zafin nan ofis, don har yanzu kana buƙatar albashinta da kuma takardar shaidar da za ta rubuta maka in wani kamfanin ya tambaya.

Wata biyar ba yawa amma ba kaɗan bane in ka fara daren yau. Kafin komai ka shiga shafin gwamnatin Birtaniya, akwai jerin sunayen duk kamfanonin da ke da lasisin ɗaukar nauyin ma'aikata 'yan waje, a buɗe yake kowa zai iya saukewa kyauta. Nemi sunan kamfaninku. In babu shi toh ka san maganar ta wuce bajet, sai sun fara neman lasisi tukun, kuma ƙaramin kamfanin da bai motsa ba tun bara da wuya ya motsa yanzu. Sannan ka duba albashinka, a watan Afrilun 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashin bizar aiki daga fam 26,200 zuwa fam 38,700 a shekara, wannan kaɗai ya sa ƙananan kamfanoni da yawa ja da baya, kuma mai yiwuwa shi ne ainihin abun da ke bayan "budget" ɗin da ta ambata. Akwai sassauci ga sababbin shiga irinka da suka fito daga karatu, kuma dokokin suna yawan canzawa, don haka adadin yau ka karanto shi daga shafin gwamnatin da kanka ko ka ga lauyan shige da fice mai rajista, banda ƙungiyar WhatsApp. Bizar da kake kai ba a sabunta ta, sauya ta ake zuwa wata kafin ta ƙare, wannan ka riƙe shi da kyau.

Sai ka tura mata imel, a rubuce, gajere, ba ƙorafi ba tone-tone ba "ai kin ce". Kamar haka: "My visa expires in five months. Can you confirm by next Friday whether the company will sponsor me? If the answer is no, I completely understand, but I need to know now." Jimlar ƙarshen nan tana da amfani sosai, ka sauke mata nauyin kunyar cewa a'a kenan, sau da yawa daga nan ne ake samun gaskiya. In amsa ta zo ka karanta ta da sabon kunne. In ka ga "we will" tare da rana da sunan wanda zai cike takardu, Alhamdulillah. In ka ga "we would love to" ko "let's see how things go" ko wani sabon "might", ka ɗauke shi a matsayin a'a ka yi godiya ka ci gaba da aikinka da kyau.

Kuma kar ka jira Juma'ar. Mutanen Birmingham ɗin nan ka rubuta musu gobe da safe, kace yanayinka ya canza kana tambaya ko gurbin na nan ko akwai makamancinsa, babu abun kunya a ciki, su a wajensu wannan abu ne na yau da kullum. Duk inda zaka nema daga yanzu ka fara duba sunansu a jerin can, kuma ka yi tambayar biza tun a zama na farko ko na biyu, ba sai an saba an fara jin nauyin juna ba.

Wani abu kuma ta ɓangarenka, tunda intabiyu zaka shiga. Mu in muka ce "zan yi ƙoƙari" magana ce mai nauyi, mutum ya ɗau abu a wuyansa kenan, amma in ka juya ta kace "I'll try" Bature abun da yake ji shi ne wannan bai da tabbas. In an tambaye ka me zaka yi da a ce kaza ya faru a wajen aiki, a nan "I would" shi ne daidai tunda misali aka ba ka ba zahiri ba, kace "I would call the client first" kai tsaye, kar ka cika shi da "maybe" da "I think I might". In kuma an tambaye ka zaka iya fara aiki ranar kaza, "yes, I will". In sha Allah ɗinka ka faɗe ta, a zuci ko a fili, ba ta hana "will" ɗin fita da ƙarfinsa.

Saura Hajiya da maiɗakinka, kuma na san a ranka wannan ya fi imel ɗin wuya. Ka kira su a satin nan, kar ka bari sai ka samu wani labari mai daɗi da zaka haɗa da shi. Ka ce wa Hajiya maganar da aka min ashe ba tabbas ba ce, na fahimce ta ba daidai ba, ina neman wani wajen a taya ni da addu'a. Ita kuma matarka fasfo ɗin da ta fara ta ƙarasa shi, ba asara bane ko yaushe zai yi amfani, amma ka faɗa mata wata biyar ɗin nan yadda yake da abun da zai biyo baya in ba a samu ba, har da yiwuwar ka dawo gida ka nema daga can, don ita ma ta san wane irin shiri za ta yi. In amsar manajar ta zo ka turo min ita yadda take kalma da kalma mu karanta tare. Allah ya buɗa maka ta inda baka zata ba ƙanena.